Ina-Gamba, Karyar Gidanmu

A kakar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, wata ranar Laraba da hantsi, ana cikin jidar gero zuwa rumbu, babana Nomau ya shigo gida da wani abu a ƙunshe cikin gefen rigarsa. Ni ina zaune bakin turmi ina tsince tsakuwa daga cikin wake, ban fi shekara bakwai ba. Ya durƙusa ya saki abin a tsakar gida, sai ga 'yar kwikwiya ja, ƙafafunta sun yi wa jikinta tsawo, tana tafiya tana harɗewa. Bai dube ni ba, bai dubi Inna ba. Ya miƙe ya juya fuskarsa wajen dangar karan da ta raba gidanmu da gidan wansa, Baba Arzika, ya ɗaga murya yadda har masu jidar gero a bayan gari za su ji, ya kira: "Ina-Gamba!" Inna ta saki muciya ta dafe kai. A ƙetaren danga kuwa aka daina daka.

Garinmu ɗan ƙauye ne kusa da Kore Mairuwa, a ƙasar Arewa, inda iyakar gona ba ta da wata shaida sai layin gamba, ciyawar nan mai tsawo da ake saƙa zana da ita. Kafin kakanmu ya rasu ya raba gonarsa tsakanin 'ya'yansa biyu, ya dasa gamba a tsakani da hannunsa. Wata bazara, gab da saukar ruwan farko, aka wayi gari gambar ta tashi daga inda take ta koma can cikin gonarmu, ta bar wa Baba Arzika ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya, inda dawa ke yin kyau ko da damina ta yi gardama. Ciyawa dai ba ta da ƙafa, kuma kowa a gari ya san hannun da ya ɗauke ta. Amma a wancan zamani ƙane ba ya tsayawa gaban wansa ya ce masa ɓarawo, ba ya kuma kai shi gaban mai gari, don duk wanda ya ji sai ya ce ƙanen ne marar kunya. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya samu kare ya ɗora masa maganar. A garinmu akwai kare mai suna Bar-Su, akwai Sai-Sun-Gaji, akwai wata gurguwar karya da tsohuwarta ke kira Mi-Na-Yi-Musu. Waɗannan duk da duniya suke magana, wanda ya tsargu ya tsargu. Babana shi da mutum ɗaya yake, kuma mutumin yana kwana yana tashi a inda ko tari aka yi a gidanmu sai ya ji.

Kwikwiyar kyauta ce daga wasu Fulani makiyaya da suka gangaro daga arewa suka sauka a gonarmu bayan girbi, shanunsu na cin kara suna bar mana taki. Irin karnukansu daban yake da na gari. Da ta girma sai ta fito doguwa siririya, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, haƙarƙari a fili ko ta ƙoshi, har baƙi kan yi wa Inna gorin wai muna kashe ta da yunwa. Jikinta ja ne irin na yashin tudu, ƙafafu huɗu farare, da ɗan fari a bakin wutsiya. Ba ta da yawan haushi. Da ido take farauta, ba ta bin sawu da hanci kamar sauran. Takan hau kan juji ta tsaya tana duban daji, kunnuwa a kwance, sai ka ga ta zabura ta tafi, kafin ka gane abin da ta hango ta yi nisa. Zomo, zabon daji, kurege, damo, gafiyar da ke mana ɓarna a gyaɗa, ba wanda ba ta kawo ba. Abu biyu kawai ke karya ta, ruwan sama da sanyi. In hadari ya taso takan rigaye kowa shiga ƙarƙashin rumbu, ta haƙa ɗan rami ta naɗe, tana kallonmu kamar mu muka kira ruwan.

Inna da farko ba ta so ta. Ta ce ba za ta zauna da abin da zai riƙa sa mata baki a tukunya ba, ga kuma rigimar da sunan zai jawo. Sai ta ware mata wani fasasshen kasko can bayan murhu, inda ake zuba mata dusa da ƙanzon tuwo da tsarin nono in an samu. Ina-Gamba ba ta taɓa wuce kaskon nan ba. Ana iya barin nama a faifai a tafi rijiya, a dawo a tarar da ita kwance kusa da shi tana korar kaji. Da aka haifi ƙanena Sani, in Inna za ta surfe sai ta shimfiɗa shi a inuwar darbejiya, karyar ta zo ta kwanta ta ba shi baya, ko akuya ba ta isa ta matso ba. Ba a jima ba na fara jin Inna, wadda ta rantse ba za ta taɓa furta sunan ba, tana cewa ƙasa-ƙasa: "Ina-Gamba, taho ki ci."

Ni kam tare muka tashi. Da damina in na ɗauki ƙwaryar fura zuwa gona tana gabana, ta yi nisa ta dawo, ta sake yin nisa, kamar tana mini gorin gajerun ƙafafu. In gero ya fara ido aka tura mu korar tsuntsu, ni ina kan ɗan dandamali ina buga gwangwani, ita tana ƙasa tana share gona da gudu. A rijiya 'yan mata kan ce na zo da yayata. In muna 'yar carafke a ƙofar gida sai ta sa hanci ta watsa mini duwatsu, in doke ta, ta tafi ta yi fushi bayan rumbu, sai na je na lallashe ta. Ba kowa take sake wa jiki ba. Baƙo ko ya shekara yana zuwa gidanmu ba za ta kaɗa masa wutsiya ba, kallo ɗaya za ta yi masa ta kau da kai, abin da ya sa maƙwabta ke cewa ta fi matar mai gari jan aji.

Abin da ya sa ta yi suna a wajen maharba ba gudunta ba ne kaɗai. Irin waɗannan karnuka in sun ɗauki gudu kunnensu toshewa yake, ko ka tsage maƙogwaro ba za su waiwayo ba. Babana ya ɓata damina biyu yana koya mata dawowa, ba duka ba zagi, sai kira da ɗan abin da yake ɓoyewa a aljihu. Har ta kai ko bakinta na gab da wutsiyar zomo, in ya kira sunanta sau ɗaya, za ta ci birki ta juyo. Tsoho Tankari, shugaban maharban yankinmu, yakan ce bai taɓa ganin haka ba tun da ya fara riƙe baka. Babana ya san da haka, yana kuma taƙama da shi. Gaskiyar magana, yana kiranta fiye da yadda ake bukata. Tana kwance a gabansa ma sai ya juya wajen danga ya ƙwala kiran, musamman in ya ji Baba Arzika yana da baƙi. Ni lokacin dariya abin yake ba ni. Baba Arzika bai taɓa tankawa ba. Wani abin mamaki shi ne muryarsu iri ɗaya ce sak, in ɗaya ya yi magana a bayan danga ko matansu sai sun saurara kafin su san wane ne.

Bazara ta huɗu da zuwan karyar, sanƙarau ya shigo garinmu, ya tafi da babana cikin 'yan kwanaki. Da Inna ta gama takaba danginta suka zo daga Dumega suka tafi da ita, da Sani saboda ƙanƙantarsa. Ni aka ce ta gidan uba ce, nan zan zauna. Ina tsaye na ga an tuge dangar karan nan, gida biyu ya zama ɗaya. Gona gaba ɗayanta ta koma hannun Baba Arzika, wai yana riƙe wa marayu, ba kuma wanda ya ƙara tambayar inda iyaka take. Baka da kwari da gorar ruwa suka koma ɗakinsa. Ina-Gamba ma aka lissafa ta cikin kayan farauta, tsakanin baka da gora, aka ce tasa ce. Ba wanda ya tuna cewa ita ce ke kwana a ƙofar ɗakina tun ranar da aka fita da gawar babana.

Baba Arzika yana son ta, wannan ba shakka. Duk yankin ba karya kamarta, kuma shi ma maharbi ne. Sai dai ranar farko ya tara mu, matarsa Tani da ɗansa Gado da ni, ya ce daga yau sunanta Guguwa, duk wanda ya ji ya furta wancan sunan a gidansa sai ya fasa masa baki. Bai faɗi sunan ba, "wancan" ya ce. Daga nan ya shiga fama. Ya jarraba da nama, ya jarraba da yunwa, ya ɗaure ta a turken jaki ta wuni a rana, ya kai ga tsumagiya. Abin da ya fi ci mini rai ba dukan ba ne. Duk lokacin da ya buɗe baki a tsakar gida, ko da ruwa ya nema, sai ta ɗaga kai da sauri, wutsiya ta fara motsi, don ta ji muryar da ta sani. Ta tsaya tana jira. Sai ya ce Guguwa, sai ta mayar da haɓarta kan ƙafafunta. Haka take yi kullum, ba ta taɓa gajiya da jiran ba. In ya fita da ita daji tana kama masa nama kamar da, amma sai ta ga dama take dawowa, ya yi ta tsayuwa a rana da igiya a hannu, maharba suna sunkuyar da kai suna danne dariya.

A shekarar ne aka zo neman yaran da za a sa a lakwal, wato makarantar boko, kowane gida ya ba da ɗaya. Mutane a lokacin ɓoye 'ya'yansu suke a rumbu. Baba Arzika bai wahalar da kansa ba, ya nuna ni ya ce ga ta. Lakwal ɗin rumfar zana ce a garin da ke gaba da namu, muna zaune a ƙasa muna rubutu da yatsa a yashi kafin allo ya ishe mu. Ina-Gamba ta riƙa raka ni. In mun wuce gonakin gari muka shiga sabara, sai in duba gaba in duba baya, in kira sunanta a hankali. Takan yi tsalle ta ɗora mini ƙafafu a kafaɗa har in kusa faɗuwa, ta zagaya ni da gudu ta dawo. Mushe, kamar yadda muke kiran malaminmu, ya gaji da korarta ya ƙyale ta, takan kwanta gindin aduwa har a tashe mu. Hanyar nan ita ce kaɗai wurin da ni da ita muke zama 'yan gidan Nomau.

Bayan kaka, in ciyawa ta bushe, maharban ƙauyuka kan haɗu su yi farautar wuta. A cinna wa daji wuta ta gefe biyu, a bar baki ɗaya inda masu karnuka ke tsaye suna jiran abin da zai fito. Farautar tana da doka: ba mai kiran karen wani. Wanda ya yi haka kamar ya sa hannu ya ɗauke naman mutum ne, an sha zubar da jini a kan wannan. Ranar da za a yi ta wannan shekara, da na tashi na tarar Baba Arzika ya riga ya ɗaure ta don kada ta bi ni. Na tafi lakwal ni kaɗai. Wajen azahar na hango hayaƙi ta tsakanin zana, ya tashi baƙi ta gabas, Mushe ya daka mini tsawa in dubi allo.

Da na dawo da la'asar turken ba kowa, igiya na rataye a jikin rumbu. Gado ne ya gaya mini, a bayan ɗakin awaki, don yana tsaye kusa da ubansa aka yi komai. Barewa ce ta fito, aka saki karnuka, Ina-Gamba ta wuce su duka. Barewar da ta ga ba hanya sai ta juya ta koma cikin wani tsiri na ciyawa da bai ƙone ba, tsakanin wuta biyu, ita kuma ta bi ta. Iska ta juya, bakin tsirin ya fara rufewa, amma da sauran fili, kowa ya ga da sauran fili. Maharba suka shiga cewa Arzika ya kira karyarsa. Ya kira Guguwa. Gado ya ce da ta ji muryar ta tsaya cak a tsakiyar hayaƙin, ta juyo da kai tana kallon inda suke. Tsoho Tankari ya kama hannun rigar Baba Arzika ya ce ya kira ta da sunan da ta sani. Mutanen ƙauyuka huɗu ne a wurin, ba wanda bai san labarin gambar ba, duk suka yi tsit suna kallon bakinsa. Ya buɗe bakin, Gado ya rantse ya buɗe, sannan ya rufe, ya sa yatsu ya yi fito. Ta ɗan ƙara jira, ta juya ta bi barewar.

Ban yi kuka a lokacin ba, don Tani ta kira ni in kai wa maigida ruwa. Na durƙusa na miƙa masa kwanon na ce sannu da dawowa, kamar yadda aka koya mini. Ina nan durƙushe Tsoho Tankari ya yi sallama, bai ko zauna ba. Fuskarsa duk toka.

"Arzika," ya ce, "muryakka da ta ƙanenka guda ta. Kalma guda karyag ga taka jira, kah hana mata."

Baba Arzika ya shanye ruwan, ya miƙo mini kwanon ba tare da ya dube ni ba. "Karya ta, Tankari, ba mutum ba. A samu wata."

Tsohon ya juya ya fita. Tani ta ɗauki dusar da ta jiƙa wa karyar tun da safe ta juye wa akuya. Ranar Alhamis, da yake ba lakwal, na ce zan je itace, na bi hanyar gabas har inda ƙasa ta zama baƙa. Toka na shiga mini tsakanin yatsu da ɗumi-ɗuminta. Na hango ungulaye sun taru a wani wuri can gaba, na tsaya, na kasa ƙarasawa. Na dawo da 'yan ƙiraruwa aka yi mini faɗa wai na daɗe.

Baba Arzika ya rayu ya tsufa, ya zama dattijon da ake kira sasanta rigimar gona, ni ma na je jana'izarsa na karɓi gaisuwa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Lakwal ɗin da ya jefa ni ciki don ya tsirar da ɗansa ita ta kai ni Dogon Dutsi, na yi aikin koyarwa har na ajiye, mutane kuma kan ce ai alheri ya yi mini. Ba na musu, ba na kuma amsawa. Yanzu in na je gida ba na gane wurin da aka yi farautar nan, duk ya zama gonaki har bakin hanya, barewa sai a labari. Karnukan da nake gani a gari gajeru ne masu yawan haushi, ɗaure da sarƙa a ƙofar shago. Sai jefi-jefi, in makiyaya sun ratsa da kaka, nakan hango wani dogo siriri yana tafe a gefen shanu, ba ya kallon kowa, in tsaya a bakin titi har ya ɓace.

Na shekara da shekaru haushina yana kan mutum ɗaya. Da na manyanta ya rabu biyu, kuma rabin da ya faɗa kan babana ya fi yi mini ciwo, don shi nake ƙauna. Yana da baki, yana da mai gari, yana da dangi, ya ɗauki maganar da ya kasa faɗa wa wansa ya rataya wa dabbar da ba ta san gona ba, ya mutu ya bar ta da ita a gidan mutumin. Su biyu suka yi rigimarsu, ita aka bari a cikin wuta.